Agarar Ummu Salma

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da na Ummu Salma a gidan hayar da muka zauna a unguwar Ambasatna, kuma katangar ba ta da kauri. Yawancin abin da zan faɗa da kunnena na ji shi ko da idona na gani. Sauran ita ta ba ni labari da bakinta, don ba mace ce mai ɓoye-ɓoye ba.

A nan Njamena aka haife ta, tun garin yana amsa sunan Forlami. Kakanninta mutanen ƙasar Haɗeja ne da suka ɗauko hanyar Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Shari, suka ce bari su yi damina ɗaya su wuce. Har suka mutu ba su wuce ba. Hausa take yi a gida, a waje kuwa Larabcin gari ya fi saurin zuwa bakinta, musamman in ciniki ya yi zafi ko ranta ya ɓaci. Mijinta, Malam Alamin, wankin hula yake yi a gindin wata darbejiya kusa da masallaci, siririn mutum mai sanyin murya wanda ban taɓa jin ya daka wa ko akuya tsawa ba. 'Ya'yansu maza sun watse neman abinci, ɗaya a Abeshe, ɗaya a Maiduguri. Autarsu Huseina kaɗai ta rage a gari, ita ma tana gidan mijinta a Atron, can ƙarshen gari ta gabas.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, wato 1994, wankin hula ya daina ciyar da gida. Ummu Salma ba ta yi shawara da kowa ba, ta wanke wani tsohon daro, ta naɗa gammo, ta shiga motar Farsha, unguwar da mayanka take. Daga ranar sana'arta ke nan. Da ta idar da asuba sai mayanka, ta zaɓi kai da ƙafa da kayan ciki, ta kai wani fili da ke bayan wurin inda ake babbaka. Itace ya yi tsada, don haka da tsofaffin tayoyin mota ake hura wutar. A cikin wannan baƙin hayaƙin take tsayawa har a gama, ta kankare, ta wanke, ta jera a daro. Kafin hantsi ya dubi ludayi ta dawo cikin gari, ta shiga bi gida-gida tana kai wa matan da ba sa fita. Tafiyarta kamar ta wadda ta bar tukunya a wuta. Na taɓa bin ta sau ɗaya don in ga wata ƙawata a unguwar Bololo, ni da na girme wa 'yarta da kaɗan, sai da na roƙe ta ta tsaya in huta. Ko ranar salla sai ta sami dalilin fita.

Bayan 'yan shekaru ƙirjinta ya soma kuka kamar 'yar kyanwa. Fuka ce, wadda yanzu ake ce wa asma. Ranar da abin ya shaƙe ta sosai aka kai ta asibiti, aka yi mata allura, aka ba ta ƙwayoyi iri biyu. Ɗaya sunanta tiyofilin, ta buɗa hanyar numfashi. Ɗayar kuma 'yar ƙarama ce fara, kotizon, wadda likitan ya ce ta 'yan kwanaki ce kawai, in ta ƙare ta koma a duba ta. Ba ta koma ba. Komawa na nufin yini guda a layi, nama kuwa ba ya jiran mutum. Ga shi kuma Lukumanu yana da duka biyun a akwatinsa.

Lukumanu dokta shuku ne, wato irin masu tallar magani a kan titi, waɗanda suka cika gari tun da maganin kanti ya fi ƙarfin talaka. Mutumin Maraɗi ne, da takalman roba ya fara kafin ya koma magani. Ba mugu ba ne. A sahun farko yake salla, kuma in ka zo masa da ciwo sai ka ga damuwa a fuskarsa. Da launi ya san magani, da kuma irin kukan da mutane suke zuwa da shi.

Haka Ummu Salma ta yi ta shan 'yar farar ƙwayar nan shekara da shekaru. Fuskarta ta cika ta yi zagaye, wuyanta ya yi tozo ta baya, fatar hannunta ta yi laushi har in ta ɗan bugu sai wurin ya yi baƙi. Mata suna ce mata, "Lallai ciniki ya karɓe ki." Ita ta san ba ƙibar lafiya ba ce. Ta gwada dainawa, amma kafin kwana biyu sai jiri da amai, ta kasa ɗaga kai daga matashi, sai ta aika a sayo.

"Kubura," ta ce da ni wata rana tana ɓare ta daga leda, "wannan 'yar abar ta aure ni, kuma ba ta san saki ba."

Bayan babbar sallar 2007 zazzaɓi ya kama ta, da ciwon kai da murɗar ciki. Ina zaune a zaure ina tsince shinkafa lokacin da ta tsai da Lukumanu. Ya taɓa goshinta da bayan hannu, ya girgiza kai.

"Inna, wagga taifot ce. Amma kin yi sa'a, ina da mai ƙarhi." Ya zaro wani kati mai manyan fararen ƙwayoyi. "Sifro. Guda da sahe, guda da marece."

"To, da nawa na ƙirji fa? In haɗa su?"

"Kowa da aikinshi, Inna. Wancan ƙirji za shi, wanga ciki za shi. Ba su gamuwa a hanya."

Ta yi dariya, ta karɓa.

Washegari da yamma ta kira ni, ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Zuciyarta na bugawa kamar kalangu. Hannuwanta na rawa har wuƙa ta suɓuce mata ta yanke ta a ɗan yatsa, ga tashin zuciya, ga barci ya ƙi zuwa. Da aka faɗa wa Lukumanu sai ya ce alamar kirki ce, magani ne yake kokawa da cuta. Sannan bayan dugaduganta ya soma ciwo. Da safe in ta taka ƙasa sai ta cije leɓe. Ta shafa man zafi, ta ɗaure da tsumma, ta ɗauki daronta. Malam Alamin ya ce ta huta ko yini ɗaya. Ta ce masa in ta huta wa zai kai wa matar alƙali ƙafar san da ta yi alkawari.

Ba ta kai ba. A kusa da babbar kasuwa ta zo tsallake wani lambatu, kaya a ka, ta dogara da ƙafar hagu za ta yunƙura, sai ta ji kamar an maka mata sanda a bayan ƙafa, har da ƙara. Ta faɗi, daro ya kife. Abin da ta fara yi shi ne waiwayawa tana zagi da Larabci, tana neman wanda ya doke ta. Babu kowa a bayanta sai wani mai shayi can nesa da ya saki baki yana kallo. Ta yi ƙoƙarin tashi, ƙafar ta ƙi bin umarni, tana lilo kamar ba tata ba. A bayan babur aka kawo ta gida.

Aka kira maɗori. Ya lalluba ƙashi daga gwiwa har yatsu, ya ce babu karaya, targaɗe ne. Ya ja, ya murza, ya shafa magani, ta yi ta salati. Ta zauna a gida tana ɗingishi da sanda tana masifa. Ana haka zazzaɓin ya dawo, ta ce taifot ɗin ce ba ta mutu ba, ta aiki Malam ya karɓo wani katin. Nauyinta duka yanzu yana kan ƙafar dama. Wata rana da azahar, tana miƙewa daga sujada, na ji wani sauti ta katanga kamar an karya busasshen kara, sannan shiru, sannan muryarta a hankali tana cewa, "Malam. Malam, zo. Ɗayar ma ta tafi."

Huseina ta zo a fusace, ta ɗauko mota, muka kai ta wani ƙaramin asibiti. Likitan mutumin kudu ne, dogo, da gajiya a idonsa, Larabcinsa da nauyi amma ana ganewa. Ya sa ta kwanta rub da ciki, ya matsa sha-raɓarta. Tafin ƙafar ko motsi bai yi ba. Ya matsa ɗayar, haka nan. Sai ya kamo ɗan yatsanta ya kai shi bayan ƙafar, sama kaɗan da dunduniya, inda wurin ya loɓa.

"Mama, kin ji ramin nan?"

Ta lalluba wurin da yatsa. Mace ce da ta yanki agarar shanu ba adadi, ba ta buƙaci a yi mata dogon bayani ba.

"Agara ce ta tsinke," in ji ta da Hausa, ni take faɗa wa. "Duka biyun."

Ya ce a fito masa da duk abin da take sha. Ta kwance bakin mayafi ta zazzage a kan tebur. Ya ware su da bakin alƙalami, ya jera uku a gefe, ya daɗe yana dubansu.

Ya ce sifro magani ne na gaske, ya ceci mutane da yawa daga taifot da wasu cututtuka, in likita ya auna ya ga ya dace. Amma yakan raunana agara a jikin wasu, ya fi yi wa waɗanda suka manyanta, ya fi kuma yi wa mai shan kotizon. Ciwon dunduniyar nan da ta ɗaure da tsumma, gargaɗi ne: a nan ya kamata ta ajiye maganin, ta daina taka ƙafar, ta zo. Bugun zuciya da rawar hannu kuwa, ya ce sifro ne ya hana jikinta fitar da tiyofilin, ya yi ta taruwa a jini. "Da ya ƙara taruwa kaɗan, da kin faɗi kina shure-shure kamar mai farfaɗiya." Ya ce kada ta sake shan sifro ko danginsa har abada, kuma duk wanda zai ba ta magani ta faɗa masa. Da sakamakon jini ya fito, ba su ga alamar taifot ba. Zazzaɓin cizon sauro suka gani.

Huseina ta tambaya ko za a ɗinke. Ya ce fatar ta yi rauni da yawa, yana tsoron a yanka miki ya ƙi rufewa, ta rasa ƙafar gaba ɗaya. Abin da zai yi shi ne ya ɗaure ƙafafun biyu da filasta mai tauri irin ta siminti, a jira a ga abin da Allah zai yi.

"To wannan 'yar farar," in ji Ummu Salma, "daga yau na rabu da ita."

"A'a!" Har ya ɗaga murya. "Kada ki kuskura. Jikinki ya daɗe yana samunta daga waje, ya manta yadda ake yin nasa. In kika yanke ta a rana ɗaya za ki iya mutuwa. Da kaɗan-kaɗan za mu rage, ni zan riƙa faɗa miki nawa."

Ta dube shi, ta dube ni. "Kin ji? Abin da ya karya ni, shi za a ce in ci gaba da haɗiya."

Ya canza mata maganin ƙirji, ya ba ta ɗan famfon shaƙa, muka dawo da ita da fararen ƙafafu biyu miƙe a gabanta, yatsu na kallon ƙasa.

Ban taɓa ganin zama ya ci mutum kamar yadda ya ci ta ba. In za ta matsa sai ta ja gindi a kan tabarma. Malam Alamin ne yake kawo mata fo, shi yake fitarwa, ita kuwa ta juya fuska bango har ya dawo. Ƙaiƙayi ya dame ta a ƙarƙashin simintin, ta riƙa zura tsinken tsintsiya. Ta koma gane lokaci da kunne: mai ruwa ya wuce, 'yan makaranta sun taso, mai gawayi ya zo. Da farko matan da take kai wa nama suna aiko gaisuwa. Daga baya muka ji wata mai tallar nama ta gaji gidajen. Ranar ba ta ci abinci ba. Huseina kuwa sai da ta je ta sami Lukumanu a bakin masallaci, a gaban jama'a, ta wanke shi tas. Tun daga nan ya daina bi ta layinmu.

Tana cikin wannan hali yaƙi ya shigo gari. Ranar Asabar ce, farkon watan Fabrairun 2008. Da safe muka soma jin manyan bindigogi, kafin azahar ƙasa na girgiza, ƙasar rufi na zubo mana. Ɗakinta ne ya fi nisa da titi, don haka duk gidan muka taru a ciki, manya da yara, muka kwanta a ƙasa. Ita kaɗai ce a zaune, jingine da bango, don kwanciya rub da ciki na hana ta numfashi. Wayoyi sun mutu, ba mu san halin da Huseina take ciki ba. Haka muka yi Asabar, haka muka yi Lahadi. Da yammacin Lahadi harbi ya lafa, sai magana ta bazu cewa 'yan tawayen da suka ja da baya za su dawo, mai son ransa ya bar gari.

Litinin da safe kowa ya ɗaure ƙunshi, sai Kusiri, can tsallaken ruwa a ƙasar Kamaru. Maigidana ya samo amalanken wani mai ruwa, muka shimfiɗa katifa, shi da Malam Alamin suka ɗora ta. Titi cike yake da mutane, kowa da kaya a ka. Ga motoci ƙonannu, ga gawawwaki a gefen hanya an rufa musu buhu, wasu ko buhun babu. Wani ɓangare na kasuwa yana ta hayaƙi, iska na kawo shi kanmu. Nan take ƙirjinta ya rufe. Ta shaƙi famfon, ta sake shaƙa, idanunta sun firfito. Ba mu yi nisa ba tayar amalanken ta taka wani ƙarfe ta fashe, muka ci gaba da turawa a kan ƙarfen ƙafa, yana karkacewa. Gadar da ake tsallakawa Kusiri kuwa tana da nisa, kuma masu dawowa sun ce mai ƙafa biyu ma da ƙyar yake kutsawa.

"Ku mai da ni," in ji ta.

Maigidana ya ce zai goya ta.

"Ka goyi 'ya'yanka. Ni da simintin nan mun fi buhun gero biyu. Ku mai da ni ɗakina, in mutuwar ce ta same ni a kan tabarmata."

Na ce ba za mu bar ta ba. Sai Malam Alamin ya yi magana, kuma ban taɓa jin ya yanke zance haka ba. "Kubura, ku tafi da yara. Ba ku bar ta ba. Ina nan."

Muka mai da ita, na cika musu randa da ruwan da ya rage a namu, muka tafi.

Abin da ya biyo baya ita ta faɗa mini. Gidan ya zama kufai, tsofaffi biyu a cikinsa. Suna jin masu wawaso suna fasa shaguna a bakin titi, suna jin gudun motocin soja. Abinci bai dame su ba, akwai ɗan gari da busasshiyar kuɓewa. Abin da ya ƙare shi ne kotizon. A ranar Litinin ɗin nan ya kamata Huseina ta kawo na gaba. Yini na farko ta daure. Na biyu sai jiri, sai amai, sai gumi mai sanyi, ta kasa ko jan jiki. Malam Alamin ya sa hularsa ya fita. Kantin magani na farko an ɓalle ƙyaurensa, babu komai sai fasassun kwalabe. Na biyu haka. Asibitin likitan nan a kulle. Ya dawo hannu wofi, ya zauna kusa da ita yana jan carbi, yana kallon yadda leɓɓanta suke bushewa. Can ya miƙe, ya sake fita.

Lukumanu bai gudu ba. Ya ji tsoron a ƙwace masa akwati a gada, ya kulle kansa a ɗakin da yake haya. Da Malam ya yi masa bayani, bai miƙo maganin ta taga ba, ya saɓo akwatin ya biyo shi.

Ta buɗe ido ta gan shi tsugune a bakin tabarma, sai ta mai da ido ta rufe.

"Inna," in ji shi. "Inna, wallahi ban sani ba. Da na sani da hannuna ya bushe kahin in miƙa miki."

"Na san ba ka sani ba," ta ce da ƙyar. "Ai shi ne abin."

Ya fito da 'yar farar ƙwayar, ya tsaya riƙe da ita. "Nawa likita ya ce ki sha? Ni ba ni cewa komi. Abin da ya ce."

Malam ne ya faɗa masa. Ya ɓare daidai haka, Malam ya tallafo kanta, ta haɗiya da ruwa kaɗan-kaɗan don kada ta amayar. Kafin la'asar ta iya zama. Lukumanu ya bar musu katin gaba ɗaya, ya ɗauki jarka ya je ya nemo ruwa, kuma kullum sai ya leƙo har mutane suka soma dawowa.

"Kubura," ta ce mini bayan mun dawo, "ban san ana iya tsanar mutum a kuma sa masa albarka a numfashi ɗaya ba, sai ranar."

Huseina da mijinta sun tsira, su ma Kusiri suka tsallaka ta wata hanya. Likitan kuwa ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, ya daɗe bai dawo ba, don haka simintin ya wuce lokacin da ya ce a canza shi. Ranar da aka yanke shi, ƙafafun sun zama kamar sillen kara. Ta hagu ta haɗe, amma a sake. Ta dama ba ta haɗe da kyau ba. Da sanda biyu ta koyi tsayuwa, daga baya ɗaya. Tafiya takan yi ta, amma ta jan ƙafa, tafi a shimfiɗe, ba ta iya ɗagawa a kan yatsu, ba ta iya hawa ko ɗan dakali sai an kama ta. Daga ɗaki zuwa zaure sai ta huta a hanya. Kaya a ka kuwa an gama.

Abu ɗaya ya yi kyau. Da likitan ya dawo ya ci gaba da rage mata kotizon, a hankali, har kusan shekara, rannan ya ce ta bari. Ba ta faɗi ba. Fuskarta ta sabe, kuma da ta rabu da hayaƙin taya ƙirjin ya yi sauƙi ƙwarai. Takan ce Allah ya ba ta numfashin tafiya bayan ya karɓe tafiyar. Lukumanu yana nan da akwatinsa. Ya koyi tambayar mutum me yake sha kafin ya ba shi wani abu, masu gaggawa kuwa sai su wuce wurin na gaba, wanda ba ya tambaya.

Ta gwada dafa farfesu a ƙofar gida, wata tana sayo mata kayan daga Farsha. Ba a daɗe ba ta bari. Ta ce naman da ba hannunta ya zaɓa ba, ba za ta sa sunanta a kansa ba. Ina jin dai ganin mutane suna wucewa ne ya fi ƙarfinta.

Malam Alamin ya rasu a farkon daminar 2009, ciwon kwana kaɗan. Da ta fita takaba Huseina ta ce ba za ta bar ta ita kaɗai ba, ta kwashe ta zuwa Atron. Ta yi gardama, amma ba ta da ƙafar da za ta tsaya a kan gardamar.

Na je gaishe ta wajen ƙarshen daminar da ta biyo baya. Atron a lokacin sabbin gidaje ne a warwatse, filaye a tsakani, kuma in ruwa ya sauka unguwar takan zama tafki. Mota ta ajiye ni a bakin kwalta, na tuɓe takalmi na kutsa, wani wurin har gwiwa. Na same ta a wani ɗaki mai tsabta, sabon fenti, katifa mai kyau, rediyo a gefe. Huseina tana kula da ita, ba abin da ta rasa. Ta ce mini tun da ruwa ya fara ba ta ga waje ba, don tsakar gidan ma taɓo ne, sanda na nutsewa.

Muka yi hira har la'asar. Ta rame, amma bakin yana nan. Ta sa na yanke mata farcen ƙafa, tana kallon ƙafafun kamar na wata baƙuwa.

"A mafarki lafiyarsu ƙalau," in ji ta. "Jiya ma har Kusiri na je, ban hau komai ba. Sai in farka in manta, in yunƙura."

Na ƙarasa yanke mata farcen. Hadari ya soma haɗowa daga gabas, ɗakin ya yi duhu. Ita ta fara lura.

"Tashi ki tafi tun hanya tana nan. In wannan ya sauka, ke ma a nan za ki kwana."

Na yafa mayafi, na yi mata sallama. Na kama ƙyaure zan jawo saboda iskar da ta taso, sai ta ɗaga hannu.

"Bar shi a buɗe."

"Yaya, feshi zai shigo ya jiƙa miki katifa."

"Ya jiƙa. Bar shi."

Na bar shi. Da na kai ƙofar gida na waiga, ta jawo jiki har bakin ɗakin, ta miƙe ƙafafun a waje, ɗigon farko yana sauka a kansu.